Jirgin da Aka Ɗaure da Noti

Duk layin masu sana'a babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Tartsatsi ake ce masa, yara su ƙara Baba a gaba don kada a ce ba su da kunya. Wai daga sana'arsa ta walda sunan ya samo asali, amma duk wanda ya taɓa yin musu da shi zai gaya maka ko ruwan sanyi yake sayarwa sunan nan sai ya nemo shi.

Shagonsa yana tsakanin na mai aski da na mai kemis. Yana da zurfi, amma ƙofarsa 'yar siririya ce, domin tun shekarar da ɓarayi suka ɗauke masa inji ya kafa ginshiƙan ƙarfe biyu ya rage mata faɗi, ya bi su da walda sama da ƙasa. Manyan ayyuka irin su ƙyauren gida da tankin ruwa a waje yake yin su. Cikin shagon na ajiya ne: rodi, fayif, gutsattsarin ƙarfen da ya ƙi zubarwa, da wata kujera mai ƙafa uku da ba ta yarda da kowa sai shi.

Tun yana saurayi ya koyi aikin wurin wani ubangida mai saurin hannu. Ya fito da tabon ƙuna a damatsa, da ido mai yawan hawaye, da aƙida guda ɗaya: abin da ka haɗa, ka haɗa shi har abada. Noti kuwa ko sunansa ba ya son ji. "Noti aikin mai shakka ne," in ji shi. "Duk wanda ya ɗaura noti, tun a ranar yake tunanin ranar kwancewa." Shi ya sa gadajen gidansa a cikin ɗakuna ya haɗa su, ba mai fitar da su sai an fasa bango. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan ce ranar da Allah ya yi musu tashi daga gidan nan sai dai su naɗe tabarma su bar wa na baya gadaje sadaka.

'Ya'yansu uku. Babban yana tuƙa babbar mota, mai bi masa yana sayar da tayil, kuma ba wanda ya ɗauko hannun uban a cikinsu. Auta ce ta ɗauko shi, ita kaɗai mace. Tun tana 'yar mitsitsiya takan tsaya nesa da tartsatsi tana kallo, hannu a baya, kamar wadda aka turo duba aiki. Wata rana ya cire baƙin gilashin da yake kare ido da shi, ya ɗora mata a fuska, ya ɗaga haɓarta sama. Ta daɗe ba ta yi motsi ba. Sannan ta ce, "Baba, ashe rana ƙwallo ce?" Ya fi shekara yana ba abokan ciniki labarin nan, har wasu suka fara aiko yara karɓar kayansu.

Saboda ita ya taɓa karya dokarsa, sau ɗaya tak. Da za ta tafi jami'a aka ce ɗalibai duk shekara sai sun sauya ɗaki. Ya yi mata teburin karatu wanda ake kwancewa a ɗaure da igiya, duk haɗinsa da noti ne, ya shafe notunan da fenti don kada abokan sana'a su gani su yi masa dariya. Ya saka mata sifana ɗaya ta ɗaure noti a aljihun jaka.

Auta ta karanci gyaran injunan asibiti. Da ta gama aka ɗauke ta ƙaro ilimi a wata ƙasa mai nisa, irin nisan da in nan hantsi ne can har sun ci abincin rana. Shekara biyu aka ce. Tartsatsi ya kama wani shago a ƙarshen layi, ya yi masa ƙyaure na gani na faɗa, ya bar wurin rubuta suna a sama. Shekara biyu ta cika, sai Auta ta kira ta ce an tura ta wani ƙaramin asibiti a bayan gari, inda injin numfashi kan lalace ya yi wata a ajiye don babu mai taɓa shi, kuma ta yanke shawarar zama. Za ta riƙa zuwa hutu, amma can ne wurin aikinta.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata Inna. Ya miƙa mata wayar kawai ya fita. Tun daga ranar, duk Asabar da la'asar in Auta ta kira uwarta, sai Tartsatsi ya tuna da wani aiki da ya bari a shago. Ta aiko gaisuwa, ya ce yana amsawa. Ta aiko masa da tabarau na karatu, ya saka a aljihu ya ce Inna ce ta saya. Ciwon yana cinsa, kowa ya sani, amma wa zai tari Tartsatsi da maganar?

Littattafan kuwa damina ce ta kawo su hannunsa. Ɗakin Auta ya fara yoyo, Inna ta ce ya kwashe kwalin da ke ƙarƙashin taga. A ciki ya tarar da guda biyar, bangonsu duk ya sha hannu, an rubuta Jirgin Iri a kan kowanne. Ya gane su. Su ne Auta ta fara karantawa tun tana shekara goma sha uku, tana jiran fitowar kowanne kamar mai jiran albashi, tana cika musu kunne da labarinsu a kan abinci, shi kuwa yana cewa tatsuniya da rana tsaka ba ta kamaci mai hankali ba. Ya kai kwalin shago don ya bushe. Washegari aka ɗauke wuta tun safe, janareto ya ƙi tashi, zaman banza ya ishe shi. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau.

Labarin matasa ne, an rubuta shi don 'yan makaranta. Ƙasar duniya ta gaji, hatsi ya daina tsirowa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wani maƙeri ya ƙera jirgin da zai keta sama, aka zuba irin shuka a ciki, aka zaɓi matasa su tafi da shi, don tafiyar ta fi ƙarfin shekarun babba. Za su nemo wata duniya mai sabuwar ƙasa, su shuka, su dawo da iri mai ƙarfi. Matuƙiyar jirgin 'yar maƙerin ce, shekararta goma sha biyar.

Tartsatsi ba mai saurin karatu ba ne. Da yatsa yake bi, leɓɓansa suna motsi. Amma akwai wani dogon babi a littafi na farko wanda duk masu karatu suke tsallakewa, inda aka bi ƙirar jirgin ƙarfe bayan ƙarfe, da awo da komai. Nan aka kama shi. Ya karanta ya maimaita, har wuta ta dawo fanka ta fara juyi bai sani ba.

Daga nan sai abin ya zame masa kamar ƙaiƙayi. Ya bi yaran nan suka wuce wata, suka shiga inda babu sama babu ƙasa, inda za ka buga guduma a kan ƙarfe da duk ƙarfinka ba ka ji ko ƙas ba. Ya ajiye littafin ya dubi gudumarsa. Ya bi su wata duniya inda ruwan sama ke saukowa a hankali, kowane ɗigo kamar ƙwarya, har yaro kan iya kewaya shi ya wuce bai jiƙe ba. Amma abin da ya tsayar masa da numfashi yana littafi na uku: wai a can, inda babu iska, in ƙarfe biyu masu tsabta suka taɓa juna sai su manne su zama ɗaya, ba wuta ba tartsatsi. Ya rufe shago da rana tsaka ya tafi makarantar da ƙawar Auta take koyar da kimiyya, ya sa aka kira ta daga aji.

"Malama, don Allah gaya mini gaskiya. Wannan ƙarya ce ta masu littafi, ko kuwa?"

"Wannan kam gaskiya ne, Baba. Yana faruwa."

"Ba wuta?"

"Ba wuta."

Ya zauna a kan dakalin makarantar ya riƙe baki. Shekara talatin da wani abu yana ƙona hannunsa da idonsa don ya shawo kan ƙarfe biyu su yarda da juna, ashe akwai inda Ubangiji ya sa suke yi da kansu. Ya daɗe yana cewa "Ikon Allah", har mai gadi ya kawo masa ruwa yana zaton jiri ne ya ɗebe shi.

Sai ya zo ƙarshen littafi na biyar. Sun sami duniyar, iri ya tsiro, lokacin komawa ya yi. 'Yar maƙeri ta ɗauko sifana daga ƙarƙashin kujerarta ta kwance jirgin kaf, ta yi wa shukar rumfa da shi saboda ƙanƙara. Abin da ta aika gida wani ɗan tulun ƙarfe ne cike da iri. A shafi na ƙarshe maƙerin ya tsufa, yana zaune a kan tudun da ya saba jira, tulun ya faɗo, ya yanka shi, iri ya zubo masa a tafin hannu. Ya yi dariya. Shi ke nan, littafi ya ƙare.

Tartsatsi ya juya shafin ya ga babu komai. Ya girgiza littafin ko wani abu zai faɗo. Sannan ya wurga shi cikin kwali da ƙarfin da ya sa mai kemis leƙowa.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. A shagon mai aski duk Asabar da la'asar matasan unguwa kan taru, waɗanda suka girma da Jirgin Iri, kuma tun fitowar na biyar suka rabu gida biyu: 'yan Ta Kyauta da 'yan Ta Ci Amana. Mai aski ne shugaban 'yan Ta Kyauta. In musu ya yi zafi yakan kashe injin aski ya juyo da duk jikinsa, don haka mazan layin suka koyi kada su kai kansu ranar Asabar, in ba so suke su fita da rabin kai ba. Tartsatsi ya daɗe yana jin hayaniyarsu ta bango yana tsaki. A wannan Asabar ɗin sai ga shi a bakin ƙofa da kujerarsa mai ƙafa uku.

"Baba, aski?" in ji mai aski.

"Askin me, ana zaune ƙalau? Ku ne masu cewa yarinyar nan ta kyauta?"

Shagon ya kaure da ihu. 'Yan Ta Ci Amana suka tashi suka ba shi wuri a gaban fanka, sun sami sarki.

"Baba, ka duba fa," in ji mai aski. "In ta taho, ƙanƙara ta kashe shukar. Wahalar littafi biyar ta tashi a banza ke nan."

"Ta bar sauran yaran su kula mana. Ita kaɗai ce mai hannu?"

"Ita ta san jirgin."

"To wa ya sanar da ita? Ba tsohon da ta bari a kan tudu ba? Mutum ya ƙera miki jirgi da hannunsa, ya zauna yana kallon sama har wuyansa ya ƙage, ki aiko masa da hatsi! Kaza ce shi?"

Aka fashe da dariya, har wanda ake yi wa aski ya motsa aka yi masa hanya a ƙeya. Malama, wadda ita ma takan zo, ta ce, "Amma Baba, ai ya yi dariya a ƙarshe."

"Wannan dariyar ta fi kuka ciwo, 'yata. Ba ki kai shekarun da za ki san ta ba."

Daga nan ba wanda ya ƙara dariya. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma duk shagon sun san ƙyauren nan na ƙarshen layi da ba a rubuta suna a samansa ba.

Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Tartsatsi ya zama abin alfaharin majalisar, domin babu wanda ya san littafi na farko kamarsa. Yana son littattafan, wannan ba ya ɓoyuwa. In yana ba da labarin ɗigon ruwan nan har hannu yake buɗewa kamar zai tare shi. Aibi biyu kawai yake gani. Na ɗaya ƙarshen. Na biyu kuwa, wai duk jirgin nan da noti aka ɗaure shi. "Marubuciyar nan ta san sama, amma ba ta san ƙarfe ba," in ji shi. "Wane maƙerin kirki ne zai ɗora 'yarsa a kan noti?"

Rannan mai aski ya ce ai ko ta so dawowa jirgin ba zai kai ba, ya riga ya gaji. Nan Tartsatsi ya miƙe ya ce zai ƙera jirgin, ƙarami, daidai da yadda babin ya faɗa, a ajiye shi a tsakiyar layi kowa ya zo ya jijjiga ya gani ko irin wanda ke gajiya ne.

"Amma fa yadda littafi ya ce, Baba," in ji mai aski yana murmushi. "Ban da walda."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Washegari aka ga Tartsatsi a shagon mai sayar da noti, hula a karkace, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayen maganin basir. Mai noti ya ce a bari ya kira mai hoto, don jikoki su gani.

A cikin shago ya yi aikin, ƙofa a rufe, don kada 'yan Ta Kyauta su leƙa. Inda awon littafi ya ce gaba guda, wato buɗin hannuwa biyu, shi ya yi taƙi guda. Ya lanƙwasa fayif ya yi haƙarƙarin jirgin, duk tsawonsu ɗaya kamar yadda aka rubuta. Ya yanka falle-fallen ƙarfe ya yi fatar jiki. Babin ya ce a huda kowane haƙarƙari a wuri huɗu, alhali biyu kawai ake ɗaurewa. Ya yi tsaki ya huda, don kada a ce ya yi ha'inci. Ya ce noti duk girmansu ɗaya, ya bi. Abu ɗaya ne ya sanyaya masa rai: ɗan tulun nan na cikin jirgi, littafin ya ce an bi shi da walda har sau uku. Ya samo tsohuwar tukunyar gas ya zuba mata walda irin wadda da ubangidansa ya gani da ya yi shiru, don shirunsa shi ne yabo.

Da ya gama ya ja da baya ya duba. Abin ya cika shagon, hancinsa yana neman taɓa silin, hasken taga yana zamewa a jikinsa. Shi da ya yi shi da hannunsa ma sai da ya ji kamar ya yi sallama kafin ya matsa kusa.

Ranar Asabar layin ya cika. Matasan majalisa, mai kemis, mai noti, har da waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba amma sun ji za a fito da jirgi. Inna ta zo da kwanon abincinsa ta tsaya gefe. Tartsatsi ya buɗe ƙofa, mutane suka leƙa, aka yi ta salati. Majiya ƙarfi suka shiga suka ɗago shi. Hancin ya fito. Cikin ya zo bakin ƙofa ya tsaya cak.

Aka karkata shi dama, aka karkata hagu, aka kwantar da shi. Ina! Mutumin da ya auna kowane ƙarfe har sau biyu bai auna ƙofarsa ba.

"Baba, a cire ginshiƙan mana," in ji mai aski, yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa. "Au, na manta. Har abada ne."

Layin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Tartsatsi ya tsaya gumi yana bin wuyansa, ya rasa wanda zai huce a kansa. Inna ce ta ajiye kwano ta ce, "Malam, to ka kwance shi mana. Ba noti ba ne?"

Ya harare ta, amma babu wata hanya. Ya ɗauko sifana ya shiga. Ya zaci aikin zai kai shi magariba, sai ya ga noti yana bin noti, sifana ɗaya tana buɗe su duka, bai ko nemi ta biyu ba. Yana kwancewa yana miƙowa ta ƙofa. Ya lura Malama, 'yar siririya da ita, tana karɓar kowane ƙarfe ita kaɗai ba tare da nishi ba. Babu guda ɗaya da ya fi ƙarfin yarinya. Hannunsa ya fara sanyi a kan sifanar.

Da ya fito, jirgi ya zama tarin ƙarfe a ƙasa. Malama tana riƙe da haƙarƙari biyu a tsaye, ta jingina kawunansu da juna don kada su faɗi, tana jiran a gaya mata inda za ta ajiye.

"Tsaya," in ji Tartsatsi. "Kada ki motsa."

Hudojin nan da ya yi wa tsaki, waɗanda ba a ɗaure komai a cikinsu ba, sun zo saitin juna, har yana hango hasken rana ta cikinsu. Ya zura noti ya ɗaure. Ƙarafan biyu suka tsaya da ƙafarsu kamar bakan gizo. Ya ce a ɗago wasu biyun. Su ma haka. Da hannu kawai yake nuni, matasan suna miƙo masa, 'yan Ta Kyauta da 'yan Ta Ci Amana duk sun manta da gidajensu. Aka ɗora falle-fallen a sama, kowanne ya zauna a wurinsa kamar dama can don nan aka yanka shi. Kafin inuwa ta kai tsakiyar titi, ga rumfa a tsaye a gaban shagon, mai doron baka, ba ƙarfe ko ɗaya da ya yi saura. Sai tulun nan kaɗai a gefe, a rufe ruf.

Ba wanda ya yi tafi. Mai aski ya cire hularsa bai san ya cire ba. Tartsatsi ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin rumfar, ya shafa ƙarfen sama da tafin hannu, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"Ya sani," ya ce. "Tsohon ya sani tun ranar da ya hura wuta. Abin da zai dawo shi kaɗai ya yi wa walda. Sauran kuwa gida ya ƙera mata, ya naɗe shi ya ce jirgi ne." Ya girgiza kai. "Tun littafi na farko marubuciyar nan ta ajiye mana ƙarshen a gabanmu, muka tsallake. Ko wace ce ita, ta taɓa shaƙar hayaƙin walda. Na janye maganata."

"Ai dama na faɗa!" in ji mai aski.

"Ba ka faɗa ba. Kai cewa ka yi jirgi ya gaji."

"Ni dai har yanzu," in ji wani daga 'yan Ta Ci Amana, "ko gaisuwa ai sai ta saka a tulun." Nan take musu ya sake tashi, wasu na cewa irin shi ne gaisuwar, wasu na cewa gaisuwa daban hatsi daban. Har yau ba a gama shi ba, sai dai yanzu a ƙarƙashin rumfar ake yi.

Tartsatsi bai shiga ba. Yana tsaye yana juya sifanar a hannu, Inna ta matso kusa da shi, ta dubi notunan sama ɗaya bayan ɗaya. "Waɗannan kam ba ka shafe su da fenti ba," ta ce.

Ya ɗaga kai ya dube su shi ma, hawaye na bin kuncinsa. Idonsa dama mai hawaye ne, kowa ya san haka, saboda haka ba wanda ya ce komai. Ana nan sai wayar Inna ta yi ƙara a cikin jaka. La'asar ta yi, kuma yau babu shagon da zai gudu, ga shi a gabansa. Inna ta ciro wayar ta tsaya tana kallonsa. Ya goge hannunsa a jikin wando ya miƙa.

Fuskar Auta ta fito, da rigar aiki, ta ɗan rame. Ta buɗe baki za ta ce Inna, sai ta ga wanda ke riƙe da wayar.

"Baba?"

"Na'am." Ya yi gyaran murya. Duk maganar da ya tara ta shekara da shekaru ta gudu ta bar shi. "Sifanar nan da na saka miki a jaka, tana nan?"

Ba ta tashi ta je nema ba. Hannu kawai ta saka a aljihun rigar aikinta ta ɗago ta. Bakinta ya sha aiki har yana ƙyalli. "Ɗazu ma da ita na ɗaure ƙafar gadon jarirai," ta ce.

Sai Tartsatsi ya yi dariya, irin wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba a layin nan. Mai aski ya juyo ya buɗe baki zai yi tambaya, Inna ta yi masa kallo ɗaya ya rufe.

"Teburin fa?" in ji Tartsatsi.

"Yana nan, Baba. Sai dai ya fara girgiɗi kaɗan."

"Ki bi notunan ki ƙara ɗaurewa, ki fara da na ƙasa. Noti ba kamar walda ba ne, sai ana waiwayarsa." Ya share ido da bayan hannu. "Ki kira ni ranar Asabar, in ji ko ya daina."